Shekarar da Aka Ce Sama Ta Huje

A shekarar da aka yanke mu daga Kaduna aka ba Katsina jiharta, a cikin watan da ake ta kaɗe-kaɗen murna a bakin tasha, na aikata abin da har yau idan na tuna sai na ajiye alƙalami na yi istigfari. Wasunku ba a haife ku ba tukuna, wasu kuna rarrafe. Yayanku Kabiru kaɗai ya girma, yana karatun kimiyya a Zariya. Kun taso kuna jin ana cewa maƙwabcinmu Ishaya ya bar Malumfashi ya koma Funtua ne don can aka fi ciniki, ni kuma ban taɓa gyara muku wannan zance ba. Yau zan gyara shi, tun idona yana rabe tawada da takarda.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da na Ishaya. Asalinsa mutumin wajen Gozaki ne. Mahaifinsa ya karɓi addinin Kirista a hannun 'yan mishan, shi kuma ya je Kaduna ya koyi gyaran firiji, ya dawo ya kafa rumfa jingine da bangon zaurena. Gonarsa ma tana iyaka da tawa. Matarsa Rifkatu ce ta karɓi haihuwar 'yar'uwarku Sa'adatu, ranar da ungozomar unguwa ta tafi biki ƙauye. Firizar da Innarku take sayar da ƙanƙara da zoɓo da ita, matacciya ce wani ɗan kasuwa ya yar, Ishaya ya ɗauko ya yi kwana uku a kanta har ta fara kuka. Ni kuma a lokacin, bayan noma, aikina rubuta wa mutane wasiƙa da ajami. Mai ɗa a Ikko, mai ƙorafi wurin mai unguwa, duk zaurena suke zuwa. Ina cikin rubutu sai in ji muryarsa daga rumfa.

"Malam, riƙe alƙalaminka da kyau, zan saki!"

Sai ya yanke bututun bayan firiji, tsohuwar iskar gas da ke ciki ta fito da huci kamar kumurci, kafin ya yi walda ya ɗura sabuwa. Wata rana na leƙa na tambaye shi.

"Wai Ishaya, wannan iskar taka ina take zuwa?"

"Inda hayaƙin murhun Inna yake zuwa, Malam. Ka taɓa ganin ya dawo?"

Muka yi dariya. Iyakar sanina da sha'anin ke nan.

Daminar shekarar ta zo da gardama. Ta makara, ta yi ta yayyafi, sannan daidai lokacin da dawa ta fitar da kai tana neman ruwan da za ta yi ido, sai ruwa ya ɗauke. Hadari zai taso daga gabas baƙi ƙirin, mu tsaya a ƙofar gida muna kallo, ya zo daidai kanmu ya watse. Mun fita roƙon ruwa har sau biyu. Su Ishaya ma sun yi nasu a majami'arsu. Ganyen dawa ya fara naɗewa da hantsi, auduga ta fara zubar da fure.

A cikin wannan hali ne, wata ranar Talata bayan la'asar, muna zaune a zaurena mu biyar ko shida, na kunna rediyo. Batir ya yi sanyi, murya tana zuwa tana komawa, amma na ji abin da aka faɗa, kuma ina so ku riƙe wannan da kyau. Mai labarai ya ce masana sun gano cewa can sama sosai akwai wani siririn shimfiɗi na iska da ke tace zafin rana kafin ya iso mana, kuma wannan shimfiɗi ya yi rauni, har ya huje a saman wata ƙasar ƙanƙara da ke ƙarshen kudancin duniya. Ya ce iskar gas ta firiji da ta gwangwanayen feshi ce ke cinye shi, kuma ƙasashe sun taru don su rage yin ta. Ya ambaci ciwon fata da ciwon ido. Bai ambaci ruwan sama ba. Ko sau ɗaya bai ambata ba.

Alhaji Sule, wanda ya fi kowa a unguwar faɗin gona, ya kuma fi kowa asara, ya gyara zama.

"Kun ji ko? Rufi ya huje. To idan rufi ya huje, ai rana ce za ta zubo ta shanye hadari. Shi ya sa yake zuwa kanmu ya watse!"

Sai a daidai lokacin, kamar an shirya, huci ya taso daga rumfar Ishaya. Duk muka juya.

"Malam, kai ne mai karatu," in ji Alhaji Sule. "Faɗa mana. Haka ne ko ba haka ba?"

Ni dai na taso na san sama a tsare take, ba ta tsufa ba ta yagewa. Yaya za a ce abin da ke sanyaya zoɓo ya huda ta? Kaina ya ɗaure tamau. Amma dawata tana bushewa, mutanen zauren sun zuba mini ido, kuma ina jin daɗin a ce ni ake tambaya. Sai na ce maganar Alhaji tana da ƙamshin gaskiya. Kafin magariba zance ya zaga unguwa. Washegari da safe suka dawo su fi goma, suka ce in rubuta wa mai unguwa takarda.

Na fiƙe alƙalami, na rubuta gaisuwa, na rubuta abin da rediyo ya faɗa ɗaya bayan ɗaya. Da na karanta wa kaina sai na ga takardar ba ta da ƙarfi. Wane mai unguwa ne zai tashi tsaye don wata ƙasar ƙanƙara da ba wanda ya san hanyarta? Sai na tsoma alƙalami na ƙara layi ɗaya: cewa masanan sun tabbatar wannan iska ce ke hana ruwa sauka. Ba wanda ya ce in ƙara. Alhaji Sule bai iya karatu ba, balle ya sa ni. Hannuna ne, tawadata ce.

Mai unguwa dattijo ne mai karatun ajami. Ya tara mu a ƙofar gidansa da hantsi, ya karanta takardar a hankali kowa na ji, sannan ya sa aka kira Ishaya. Ya zo da rigar aikinsa, hannu duk baƙin mai, ya durƙusa ya yi gaisuwa.

"Ishaya, iskar da ake faɗa, ita ce wadda kake saki?"

"Ita ce, ranka ya daɗe. Ba zan ɓoye ba. Mutumin da ke sayar mini da ita a Kano ma ya faɗa mini an fara maganarta."

Wurin ya ɗauki guna-guni. Da ya musa, da wataƙila an rabu a haka. Gaskiyarsa ce ta fara kayar da shi.

"To batun ruwa fa?"

"Ban ji an ambaci ruwa ba, ranka ya daɗe. Ni ma manomi ne. Dawata ga ta can kusa da ta Malam, tare suke bushewa."

Mai unguwa ya juyo wurina.

"Malam, an ambata ko ba a ambata ba?"

Ishaya ya ɗago ya dube ni. Ba kallon tsoro ba ne, kallon mutum ne da ya tabbata yanzu maƙwabcinsa zai warware komai. Na ce an ambata.

Hukuncin da aka yanke shi ne Ishaya ya daina aiki sai bayan kaka, tukwanen gas ɗinsa guda biyu kuma a fitar da su bayan gari a zubar da abin da ke ciki, don kada ya koma saki a ɓoye. Nan ne Ishaya ya miƙe tsaye.

"Ranka ya daɗe, ku kulle su a ɗakinka, ka riƙe mabuɗi. Amma kada ku buɗe. Ba ruwa ba ne da za a zubar a ƙasa. Idan kuka buɗe, sama za ta tafi!"

"Ku ji shi," in ji Alhaji Sule. "Duniya tana ƙonewa, shi jarinsa yake karewa."

Aka ɗora tukwanen a amalanke, muka bi su har bakin kududdufin bayan gari, kamar masu rakiyar gawa. Wani makaniki ya murɗe bakin ta farko. Hucin da ta yi ya sa mutane suka ja da baya suna a'uzubillahi, wuyan tukunyar ya yi fari fat da ƙanƙara a tsakiyar wannan rana mai ƙuna. Ina tsaye ina jan carbi sai tambayar da na taɓa yi masa ta faɗo mini: ina take zuwa? Na ɗaga kai. Babu abin gani, sama tas. Ishaya yana gefe ya harɗe hannu a ƙirji.

"Abin da nake saki a shekara, kun sake shi kafin azahar," in ji shi. Ba da ƙarfi ya faɗa ba, amma na ji.

Abin da ya ƙara ruɗa ni shi ne, bayan kwana huɗu aka yi yayyafi. Bai jiƙa ƙasa zurfin ɗan yatsa ba, bai ceci dawar kowa ba, amma ya isa mutane su ce kun gani ko. Ni kaina na kwana biyu ina cewa a raina, wataƙila ƙaryar tawa ta dace da gaskiya. Daga nan ba wanda ya sake kai wa Ishaya ko fanka. Aka daina amsa gaisuwar Rifkatu a wurin niƙa. 'Yarsu Saratu ta je famfo ɗiban ruwa, mata suka ce ta koma ta sha gas ɗin ubanta. Da aka yi girbin ɗan abin da ya samu, wata safiya mota ta tsaya a ƙofar gidansu aka fara loda kaya. Ya shigo zaurena ya tsaya.

"Malam, mun tafi. Zaman tare ya ƙare, a yafe mana."

Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ban ɗago kai daga takardar da ke gabana ba, kuma ba komai nake rubutawa ba.

Da na shiga cikin gida na tarar da Innarku zaune a bakin murhu, wuta ta mutu ba ta hura ba.

"Malam, ranar da rediyon nan ya yi magana, ina bayan ƙofar zaure, na kawo muku zoɓo. Ni ban ji ruwa ba."

"Ba ki ji farkon zancen ba."

"To."

Ta tashi ta shiga ɗakina, ta fito da gwangwanin maganin sauro da nake fesawa kullum, ta ajiye shi a gabana.

"Wannan kam da kunnena na ji an ambace shi. In aika da shi wurin mai unguwa, ko kai za ka kai?"

Ba ta sake tayar da zancen ba, sai dai daga ranar ta daina tambayata ma'anar komai, ita da ko mafarki ta yi sai ta kawo mini.

Kabiru ya zo hutu da rani, lokacin da muke tuge karan auduga muna ƙonawa kamar yadda malaman gona suka ce a riƙa yi saboda tsutsa. Muna tsaye a gona, hayaƙi ya turnuƙe, na ce ya bayyana mini wannan al'amari tun daga tushe, kada ya sa mini Turanci. Ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya ce shimfiɗin sunansa ozon, kuma ba bango ba ne, iska ce cikin iska, kamar rumfar zana da ke rage rana ba tare da ta hana haske ba. Ya ce gas ɗin firiji ba ya ruɓewa, ruwa ba ya wanke shi, sai ya yi ta yawo shekara da shekaru har ya hau can. A can ne rana take fasa shi, wani ɓangare ya fita daga jikinsa ya riƙa cin ozon, ya ci wannan ya koma kan wancan, shi kuwa ba ya ƙarewa da wuri.

"To ashe Ishaya yana da laifi," na ce, har na ji sanyi a raina.

"Kamar yadda duk mai firiji a duniya yake da shi, Baba. Har da mu. Nasa bai kai cikin cokali a kogi ba."

"Wanda muka saki a kududdufi fa?"

"Yana hanya. Bai isa ba tukuna."

"Ruwan fa? Shi ya hana?"

"A'a. Wannan daban, wancan daban."

"To me ya hana?"

"Malamanmu ma gardama suke yi. Wasu sun ce ɗumin teku ne ya sauya, wasu sun ce sare itatuwa."

Sai ya nuna hayaƙin da muke tsaye a ciki, ya ce wannan da na manyan motocin da ke bin hanyar Funtua, idan rana ta buge su, suna haifar da ozon ɗin nan a nan ƙasa, kuma a nan ƙasa cuta ce, tana ƙona ƙirji tana lalata ganye.

"Tsaya, Kabiru. Abin da ake kukan ya ragu a sama, shi ne kuma nake ƙerawa a gonata?"

"Shi ne, Baba."

"To ba sai ya hau ya toshe hujin ba?"

"Ba ya kaiwa. A hanya yake lalacewa."

Na zauna a kan kunyar gona. Na so ya ce mini Ishaya mai laifi ne ɗungurungum in huta, ko ya ce ba shi da laifi ko kaɗan in san girman abin da na yi. Bai ba ni ko ɗaya ba. Abu mai amfani a sama, mai cutarwa a ƙasa. Mugun yana hawa, na kirkin ba ya hawa. Har yau da nake rubuta wannan ba zan ce muku na gane ba. Allah ne masani. Amma a cikin duk wannan duhu akwai abu ɗaya da ban taɓa ruɗewa a kansa ba, ko da na yi kamar na ruɗe: layin da na ƙara.

Damina ta gaba ruwa ya zo kamar da bakin ƙwarya, har bangon rumbuna ya zube, alhali Ishaya yana Funtua yana yanke bututu kullum. Mutane suka manta, ko suka ga mantawa ta fi sauƙi. Ni ban iya ba. Duk wanda ya zo in rubuta masa wasiƙa ya ce, "Malam, rubuta yadda na faɗa," sai in ji kamar da gangan yake yi. Sai da wata kakar ta sake zagayowa, na kai auduga Funtua, sannan na yi ta tambaya har aka nuna mini shagonsa a bayan tasha. Na same shi a tsugune, kansa cikin wata firiza. Ya rame, furfura ta fito masa. Ya ba ni benci, ya aika aka kawo ruwa, ya tambayi Inna da yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Da gaisuwa ta ƙare na ce masa rediyo bai ambaci ruwa ba, ni na ƙara.

"Na sani, Malam. Ai ina rumfa ranar. Rediyonka har wurina yake kaiwa."

"Me ya hana ka ƙaryata ni?"

"Na faɗi abin da na ji. Sauran kuma na bar maka, na ɗauka za ka ɗauka."

Na ce na zo neman gafara. Ya goge hannu da tsumma, ya daɗe yana gogewa.

"A nan? Wa ya ji, ni da wannan firizar? Malam, a rubuce ka yi shi, a gaban jama'a aka karanta. Saratu har yau idan aka tambaye ta garinsu sai ta ce Funtua."

Kwana uku na yi a kan takarda ta biyu, ni da nake gama wasiƙa kafin shayi ya huce. Na fara da bayanin ozon, na yaga, don na ga ina neman ɓuya a bayan abin da ban gane ba. Na fara da fari da halin da aka shiga, na yaga, don wannan neman uzuri ne. A ƙarshe abin da ya rage bai fi layi biyar ba. Na je na gaya wa mai unguwa, ya dube ni ya daɗe, ya ce in zo ranar Asabar da hantsi. Na aika wa Ishaya, ya zo a motar farko, cikin farar riga. Jama'a ba su kai na wancan karo ba, amma Alhaji Sule yana nan. Na miƙe na karanta da bakina: cewa iskar firiji tana da illa can sama kamar yadda aka faɗa, kuma Ishaya bai taɓa musa wannan ba, cewa rediyo bai ce ita ke hana ruwa ba, cewa ni na ƙara wannan da hannuna, aka tambaye ni kuma na sake tabbatarwa, alhali na san ba haka ba ne.

Sai Alhaji Sule ya yi gyaran murya.

"To Malam, yayyafin nan da aka yi bayan kwana huɗu fa?"

"Alhaji, yayyafi na Allah ne. Layin nan kuwa nawa ne."

Mai unguwa ya miƙo hannu zai karɓi takardar, sai Ishaya ya matso ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, a ba ni ita."

"Kai da ba ka karanta ajami?"

"Jikokina za su sami mai karanta musu."

Mai unguwa ya yi mini nuni da kai, na miƙa masa. Ya riƙe ta a juye, ƙasa a sama, ya dube ta kamar mai karatu, sannan ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun gaba ya danne da tafin hannu. Ya miƙo mini hannun.

"Shi ke nan, Malam. Na yafe. Ba na binka komai."